Ta Gyara Ɗakin Kafin Su Iso

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa, ko ita sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa shi. Ta-Inna kowa ke ce mata, tun tana 'yar mitsitsiya mai riƙe da gefen zanin uwarta duk inda ta sa ƙafa. Da wasa aka fara sunan, sai ya zame mata gaske. Yaya Babba ya yi karatu ya samu aiki a gari mai nisa, ƙanwarsu Auta ta yi aure ta bi miji, ita kuwa nata auren ya mutu tun bai je ko'ina ba, ta dawo gida da akwatinta. Da mahaifinsu ya rasu, ba wanda ya tara mutane ya ce, to, wa zai riƙe Inna? Me za a tambaya? Ai sunan ya riga ya ba da amsa.

A otal take aiki, gyaran ɗakuna. Ba wani otal ne na a zo a gani ba, amma shugabarsu mace ce da ko gashi ɗaya ya faɗi bayan ƙofa sai ta tsinto shi ta nuna maka. Doka ɗaya aka koya wa Ta-Inna ranar da ta fara, ta kuwa shige mata jini: baƙon da ya buɗe ƙofa kada ya san an taɓa kwana a ɗakin. Wani ya yi amai, wata ta yi kuka har ta jiƙa matashi, wasu sun yi faɗa sun fasa kofi, duk ba ruwan mai shigowa. A yaye zanin gado, a juya katifa, a buɗe taga, a goge madubi, a ja sabon zani har ya miƙe sambal. Hannun Ta-Inna ya saba har ba ya jiran izininta. Ko gidan mutane ta je gaisuwa, sai ka ga tana gyara musu labule tana amsa gaisuwar.

Hutun ƙarshen shekara ga sauran jama'a hutu ne, su kuwa shi ne lokacin da ƙafa ke kumbura. Otal ya cika ba masaka tsinke, yara na gudu a baranda, kowa na neman ƙarin tawul. Ma'aikata sai su riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta shige ɗakin ajiye zannuwa tana kuka don an hana ta tafiya ganin 'ya'yanta, waccan ta zagi baƙo an ce ta kawo makullai. Duk wurin Ta-Inna suke ƙarewa. Ta karɓi aikin wannan, ta je ta ba da haƙuri a madadin waccan, ta ce wa mai kukan ta sha ruwa ta wanke fuska, komai mai wucewa ne. Ana yabonta da haƙuri, ita ma har ta yarda cewa haƙuri ne.

Abin da ba su sani ba, in ta tashi aiki wani aikin take tararwa. Gigin tsufa ya kama Inna, ya fara a hankali, sannan ya yi gaba da ita gaba ɗaya. Matar da a da ba ta yarda ƙuda ya sauka a kwanonta, yanzu ita ce ke cusa ragowar shinkafa ƙarƙashin katifa har ta yi tsami. Fitsari ba ta sanin zuwansa. Wata rana ta kunna gas ta fita, wani mai faci ne ya gane ta a bakin titi ya riƙo ta har gida. Tun daga nan Ta-Inna ke kulle ta in za ta fita, ta bar makulli wurin maƙwabciyarsu mai shago, ita ma tsohuwa, mai leƙawa in ta samu sarari. Wani lokaci Inna ta kira ta da sunan wata ƙanwar ita Innar da ta rasu tun tuni, wani lokaci ta ce ɓarauniya ce ta zo sace mata tukwane. Ranar da ta fi ruɗewa ta gartsa mata cizo a hannu ana cikin wanka.

Sau ɗaya a shekara Yaya Babba da Auta ke zuwa da iyalansu, a wannan hutun, su yi 'yan kwanaki su koma. Kuma duk shekara kafin su iso, Ta-Inna takan yi wa gidan abin da take wa ɗakunan otal. Ta wanke bango, ta shanya katifa, ta buɗe tagogi. Sannan ta zaunar da Inna ta riƙa nuna mata hotuna a waya: wannan Babba ne, wannan matarsa, wannan Auta, ga jikokinki. Safe da yamma, kamar mai koya wa yaro karatu. Abin ya kan zauna na 'yan kwanaki, daidai zamansu, sannan ya zube. Ba wanda ya sa ta. Kunya ce, da son kada yara su ji tsoron kakarsu, da kuma hannun nan da ba ya jin magana.

Bana sai jikinta ya kawo nasa ƙorafin. Ciwon mara da take ta dannewa da maganin kanti ya kai ta asibiti, likita ya ce ƙari ne, kuma ya girma. Ya ce da zarar hutu ya wuce za a yi mata aiki, bayan nan sai ta kwanta makonni, ko bokitin ruwa kada ta ɗaga. An taɓa sa mata rana ta ƙi zuwa, don haka wannan karon ya cire tabarau ya dube ta.

"Baiwar Allah, abin nan ba ya jiran kowa. In kika sake ɗagawa, ban san me zan tarar ba."

Bokiti ma kenan. To Inna fa, da ake ciccibarta daga gado zuwa banɗaki? Abin da Ta-Inna ke nema bai wuce ɗaya ba: wani cikin su biyun ya tafi da Inna, ya riƙe ta har ta warke. Ta kira Yaya Babba ta fara yi masa bayani, ya tari numfashinta.

"Ki bari mu zo tukuna. Gani ya kori ji."

Ƙawarta a wurin aiki, wadda suke kira Mai-guga don ita ke gugar zannuwan otal ɗin, mace ce da ba ta tauna magana. Da ta ji labarin sai ta dangwarar da dutsen guga.

"Ya ce gani ya kori ji? To ki bar shi ya gani. Ke ce kika cuci kanki, wallahi. Mutum ya zo ya tarar da gida yana ƙamshi, tsohuwa tana kiran sunansa, me zai ɗauka? Bana kada ki taɓa komai. Ki bar katifar yadda take, ki bar bangon. Kada ki koya mata sunan kowa. Su shigo zarnin ya yi musu maraba."

"Uwata ce fa."

"Su daga sama suka faɗo?"

Ta-Inna ta yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce ta ji ta ɗauka. Kuma ta ɗauka ɗin da gaske. Ta nemi a ba ta kwanakin zuwansu, shugabarsu ta ba ta da ƙyar tana mita. Ta riƙa wanke Inna tana ba ta abinci kamar kullum, amma ɗakin ta ƙyale shi. Katifar nan mai taswira kala-kala tana nan, shatin hannu a bango yana nan, labulen da Inna ta yage yana reto. In ta wuce ƙofar sai ta kau da kai ta dunƙule hannu. Ba ta taɓa sanin cewa ƙin yin aiki ya fi yin sa wuya ba.

Ranar da za su iso, da hantsi, tana ɗaura wa Inna ɗankwali, sai motar wasu ta tsaya a gidan da ke kallonsu, yara suka fito da ihu suna rungume kakanninsu. Inna ta saurara. Idonta ya washe, irin washewar nan da kan zo mata jefi-jefi ba sallama.

"Baƙi za mu yi?"

"Su Yaya ne za su zo, Inna. Da Auta."

Inna ta dubi gadon, ta dubi bango, ta ja hanci. Sai ta kama hannun 'yarta da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Haka za su same ni?"

Iyakar abin da ta ce kenan, kafin a jima ma ta manta ta faɗa, ta koma tambayar wa ya ɗauke mata tukunya. Amma Ta-Inna ta ji. Ta ce a ranta, zanin gado kawai zan sauya, wannan ai ba ɓoyo ba ne. Da ta yaye zanin sai katifar ta fito fili, sabon zani a kan wannan abu kuwa ɓarnar zani ne. Ta jawo tata katifar ta shimfiɗa, ta ja tsohuwar zuwa ƙofar gida, mararta na suka tana ja. Masu kwasar shara na wucewa, ta miƙa musu. Da gado ya yi kyau sai bango ya ƙara muni. Ta haɗa ruwan sabulu. Daga bango sai ƙasa, daga ƙasa sai labule, ta ciro na ɗakinta ta rataya. Ta buɗe taga. Tana yi tana kuka, tana zagin kanta, hannun bai ko sassauta ba. Hali zanen dutse. Kafin la'asar Inna na zaune a kujera cikin kayanta masu kyau, an shafa mata mai, ga waya a gabanta: wannan Babba ne, wannan matarsa, ce Auta, Inna, Auta.

Suka iso da yamma a motar Yaya Babba, sun biya sun ɗauko Auta da 'ya'yanta. Matar Yaya ce ta fara shiga ɗakin, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke dai Ta-Inna, Allah ya yi miki hannu. Ni ko ɗakina bai kai nan ba."

Inna kuwa, sai ka rantse an sauya ta. Hayaniyar yara ta tashe ta kamar yadda ruwa ke tashin shuka. Ta kira Babba da sunansa, ta ce ya yi tumbi. Ta ce wa Auta har yanzu ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba. Ta ba jikoki labarin ranar da ubansu ya faɗa kwata da kayan makaranta, labarin da Ta-Inna ta yi zaton ya tafi tare da sauran. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Yaya Babba ya share ƙwalla ya ce, "Inna tamu tana nan daram." Ta-Inna na tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, ita ma tana murmushi.

Kwanakin suka tafi yadda suka saba tafiya. Ta ba baƙi ɗakuna, ita ta shimfiɗa bargo a ƙasa kusa da Inna. Kafin kowa ya motsa da safe ta sauya zani, ta wanke ledar da ke ƙarƙashinsa, ta shanya bayan gida inda ba mai zuwa. In ta ga idon Inna ya fara yawo, sai ta ce tsohuwa ta gaji, ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Kullum tana cewa gobe zan bari su gani, goben na zuwa ta riga su tashi.

Kowa kuma ya zo da nasa kayan. Auta ta same ta a kicin tana yanka albasa, ta fashe da kuka, ba na albasar ba. An sallami mijinta daga aiki, ga ciki tana ɗauke da shi, ga mai gidan haya ya ce su tashi. Ta-Inna ta ajiye wuƙa ta rungume ta, ta ce ta yi shiru kada yara su ji, Allah ba ya barin bawansa. Yaya Babba kuma ya kira ta gefe ya nuna mata ƙwayoyin hawan jini, ya ce kada ta gaya wa matarsa yadda abin ya kai, ofis ya zame masa wuta. Ta ce ya rage gishiri, ya rage tunani. Ba ƙarya suke ba, shi ne abin takaicin. Da mugaye ne da ta samu wanda za ta tsana ta huta.

Ana gobe za su tafi, bayan an ci abincin rana, yara sun fita wasa, ta tara su a falo. Ta faɗa musu. Ta faɗi ƙarin, ta faɗi ranar da aka sa, ta faɗi makonnin kwanciya. Ta ce wani ya tafi da Inna.

Matar Yaya ta dubi mijinta, shi ya dubi ƙasa.

"Allah ya ba ki lafiya," in ji Yaya Babba. "Wannan dole a yi shi, ba maganar ɗagawa. Amma Inna, ni a ganina, a bar ta inda ta saba. Tsoho in ka raba shi da ɗakinsa ka gama da shi. Kuma ai mun gani, jikinta da sauƙi. Tana ci, tana hira, ta san kowa. Mai shago ta riƙa leƙo ta, 'yan makonni ne."

"Yaya, ba haka take ba. Ba ta san kowa ba, ni nake koya mata. Fitsari take a kwance. Sai an ɗaga ta. Ta cije ni."

Ta miƙa hannu. Wurin ya daɗe da warkewa, sai ɗan duhu da ba ya nuna komai.

"Haba Yaya Ta-Inna," in ji Auta a hankali, "tun da muka zo ban ji ko wari ba. Gajiya ce ta yi miki yawa, shi ya sa kike ganin abin da girma."

"Ku zo ku gani."

Ta shige gaba suka bi ta. Ta finciki zanin gadon ta yar. Katifa fes, tata ce, ko ɗigo babu. Ledar tana bayan gida a shanye, ta bushe. Ta juya wajen bango, bango fari tas. Ta tsaya tana waige-waige a ɗakin nan tana neman abu ɗaya, ɗaya tak, da zai tsaya mata shaida, ba ta bar ko ɗaya ba. Matar Yaya ta sunkuya ta ɗauki zanin ta miƙa mata, cikin tausayi, yadda ake lallaɓa marar lafiya.

Inna na kujerarta tana kallonsu. Yaya Babba ya durƙusa gabanta.

"Inna, za ki bi mu ki kwana biyu?"

"In bi ku in bar wa wa gidan? Wa zai kula da yarinyar nan? Ko shayi ba ta iya dafawa ba."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Yaya Babba ya tashi yana kaɗe gwiwa, ya ce to kin ji daga bakinta. Ya ce zai riƙa kira kullum. Auta ta ce da ba don halin da take ciki ba, wallahi da ta zauna. Ta-Inna ta juya wajen gadon. Ta mayar da zanin, ta ja shi ta cusa gefuna.

Washegari da safe aka loda mota. Ta-Inna ta fito da Inna ƙofar gida ta riƙe ta a kafaɗa. Aka yi sallama, aka ce sai baɗi in da rai. Motar ta tashi a hankali saboda ramukan layin, yara sun juyo sun manna fuska a gilashin baya suna ɗaga hannu, Auta ma ta leƙo ta taga.

Inna na ɗaga musu hannu ta ce, "Mutanen kirki. 'Ya'yan waye?"

Ta-Inna ta ji ɗumi a ƙafarta. Ta duba. Fitsari ne ke bin ƙafafun Inna, ya jiƙa zanin mai kyau, yana taruwa a kan siminti yana gangarawa. Gari ya waye sarai, a fili, ga motar can ba ta ko kai kwana ba. Ihu ɗaya ya isa. In ta ɗaga hannu ta yafito su, Auta na kallo, za su tsaya, za su dawo da baya, su gani da idonsu.

Ta dubi fuskar uwarta. Inna na murmushi, kanta a miƙe, ɗankwalinta zaune daram, tana sallamar baƙinta yadda ta saba yi tun tana da ƙarfinta.

Ta-Inna ta matsa ta sha gabanta, ta baza mayafinta ya rufe su duka biyun, ta ci gaba da ɗaga hannu har motar ta sha kwana.

Ranar da aka sa mata a asibiti ta zo ta same ta a benen otal, tana tura keken zannuwa. Mai-guga ta gan ta, ta dubi fuskarta, ta kau da kai ta wuce. Wajen azahar wayarta ta yi ƙara, nas ce, ta ce likita na tambaya ko tana hanya. Ta-Inna ta jingina da bango ta dafe mara har sukar ta lafa.

"Ki ce masa a ba wata gadon," ta ce.

"Yaushe za a sa miki wata ranar?"

"Zan zo in faɗa."

Ta mayar da wayar aljihu, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba, ta jira, ba a amsa ba, ta buɗe ta shiga.